Hannun da Ke Riƙe da Sadakin Hadda

Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina maƙwabtaka da Jamu'i ɗan Sasi, kuma zan iya rantsuwa babu shekarar da ba mu yi faɗa a kan yashi ba. Ramin dabinonsa yana gabas, nawa yana yamma, tudu ɗaya ne tsakaninmu. Duk mangalar da jakinsa ya hauro da ita ya juye a kan tudun nan, kafin sati iska ta kawo mini ita har gindin bishiyoyina. In na yi magana sai ya ce, "To Lazhar, ni na aiko iskar?" Ni kuma in loda wa nawa jakin in mayar masa. Ina jin akwai yashin da ya yi zirga-zirga tsakaninmu ya fi sau ɗari.

Mu a garinmu Suf, can cikin hamada, ba ma kai wa dabino ruwa, dabinon muke kai wa ruwa. Kakanninmu suka haƙa ramuka masu faɗin fili, zurfin gaba biyar ko shida, sai da suka ji danshi sannan suka dasa a can ƙasa. Gadon da suka bar mana shi ne kwasar yashin da ke komawa ciki kullum. A wannan aiki Jamu'i ya tashi, a ciki ya yi furfura. Gajere ne mai faɗin tafin hannu, ga taurin kai, ga wani ciwo da ba shi da magani: ba ya ganin noti ya ƙyale shi. Shi ya gyara lasifikar masallacinmu har ta riƙa kamo sharhin ƙwallo ana tsakiyar kiran la'asar. Agogon liman da ya gyara kuwa yana tafiya daidai har yau, amma sai an kifa shi.

Lokacin da ya nemi auren Hadda ba shi da komai sai jaki, jakin ma na ubansa ne. Sai uban ya ware matashiyar dabino guda a tsakiyar ramin, aka rubuta ta a matsayin sadaki. Tun daga ranar sunan bishiyar ya zama Sadaki, kuma Hadda ta riƙe ta da hannu biyu. Jamu'i ne zai hau ya gyara, shi zai yanko nonon dabinon in ya nuna, amma ko guda ba zai kai bakinsa ba sai ya nemi izini. Ni kaina na taɓa tsintar guda uku da iska ta kaɗo na ci. Kafin in isa gida saƙo ya riga ni, wai in dawo da ƙwallayen, su ma nata ne.

Sai masu dankalin turawa suka zo da rijiyoyin burtsatse suka kewaye mu, ruwan ƙasa ya fara gudu yana barin saiwa a baya. Ƙananan bishiyoyi suka bi shi. Sadaki kuwa ta tsufa, ba ta da wannan ƙarfin. Ganyenta ya fara ja daga ƙasa, nono tara ya koma huɗu, huɗu ya koma ɗaya, shi ma busasshe.

Ina zaune a ramin muna shan shayi da gyaɗa ranar da Hadda ta yanke hukunci.

"Si Jamu'i," in ji ta. In dai ta sa masa Si, to akwai magana. "Ka dai ga Sadaki. Ranar da ta mutu, ka sani zaman kyauta nake yi a gidanka, ni kuwa ba a haife ni don kyauta ba. Sai ka mayar da ni gidan ubana."

"Wane gidan uban, 'yar mutane? Gidan ubanki ai yanzu shagon sayar da waya ne."

"Sai in zauna a bayan kanta."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Jamu'i bai yi ba. Na dubi fuskarsa na ga tsoro tsagwaronsa, domin ya san matarsa ba ta faɗar abin da ba za ta aikata ba, kuma mutumin nan yana son Hadda fiye da yadda ya taɓa iya faɗa.

Maganin dai kowa ya san shi, tun na kakanni ne: in ruwa ya gudu, a saukar da bishiyar ta same shi. A ɗaure ta da igiyoyi ta ko'ina, a haƙa kewayenta, a rarake ƙarƙashin saiwar, sannan a sassauta a hankali har ta zauna a kan danshi. Aikin ƙarti ashirin ne. To ina ƙartin? Rabi suna rijiyoyin mai a kudu, rabi suna gonakin dankali. Da muka ƙirga waɗanda suka rage muka sami shida, haƙoranmu duka in an haɗa ba za su cika baki biyu ba.

Jamu'i ya ɓace kwana biyu. A na uku ya dawo a bayan wata babbar mota da akwatuna uku na katako.

"Hannun haƙa ne," in ji shi, yana shafa akwatin. "Ana ɗaura shi a bayan tarakta. Ƙarti ashirin ke nan a cikin akwati, kuma ba sa cin kuskus."

Yana da wata tsohuwar jar tarakta da ya gada wurin wansa. Na ba shi shawara ta tsakani da Allah, na ce ya harhaɗa abin a sama, a kan ƙasa mai tauri, ya gwada, sannan a san yadda za a yi.

"Aikin a sama yake ko a ƙasa?"

"A ƙasa."

"To."

Ya hau tarakta ya nufi gangaren ramin. Ba ta ma jira ya tuƙa ta ba, ta sulale da kanta, yashi na bin ta a baya, sai da ta yi tsaye cak taku biyar daga gindin Sadaki. Na leƙa daga sama na ce, "Madalla. Ta ina za ta fito?"

"Ta inda aka hau ta nan ake sauka!"

"Wannan na wanda ya fara da hawa ne. Kai da sauka ka fara."

Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Kwana tara muka yi muna harhaɗawa. Na ce muka, domin duk masifata ban iya zama a ramina ina jin ƙarar guduma a nasa ba. Jaki ya sauko da ƙarafan ɗaya bayan ɗaya. Muka fara ɗaure gindin abin a ƙugiyoyi uku na bayan tarakta, muka sa masa ƙafafu biyu da yake tokare ƙasa da su, muka jona famfon mai da sandar nan mai juyawa. Sannan damtse, sannan sangali, sannan cokali mai haƙora huɗu, kowanne da ƙatuwar ƙusarsa. Littafin da ya zo da shi hotuna ne zalla, wani mutum mai hula yana murmushi a kowane shafi, ko ɗigon baƙin mai babu a rigarsa. Na tsani mutumin nan. Kujerar kuwa baya take kallo, sai da muka kwance ta sau biyu kafin muka yarda haka aka yi ta. A ƙarshe ƙusa ɗaya ta rage ba mu san gurbinta ba, Jamu'i ya ce ta fasa sukari ce, kuma aikin da ta yi ke nan.

Saura tiyo goma sha biyu da ke kai mai ga gaɓoɓin. Masu abin sun yi dabara, sun sa wa bakin kowane tiyo zoben roba mai launi, ja ya tafi wurin ja, shuɗi wurin shuɗi, ko jaki zai iya haɗawa. Sai dai akwatin tiyon ya kwana a tsakar gidan Jamu'i, Hadda kuwa ta daɗe tana fama da kajinta da ke cakuɗa da na maƙwabta. Da muka buɗe, babu zobe ko ɗaya. Muka koma gida muka tarar da kaji goma sha biyu suna yawo da ado a ƙafa.

Jamu'i ya cafko mai jan zobe ya ɗaga ta sama. "'Yar mutane, wannan daga wane tiyo kika cire shi?"

"Tambayi kazar."

"Don Allah ki tuna!"

"Duk baƙaƙe ne, duk suna wari. Me zan tuna?"

Haka ya jona su da bismilla da kintace.

Ranar gwaji tsofaffin ƙauye suka jeru a gindin gangare da butar shayi. Jamu'i ya hau kujera, ya gyara rawani, ya ja sandar ɗaga hannu. Ƙafar hagu ta soke ƙasa, tarakta ta karkace kamar mai ciwon kwankwaso. Ya tura sandar dama, hannun ya yi hagu da gudu, ya share buta da kofuna da tiren gyaɗa, tsofaffi suka watse. Wani da ya shekara biyar yana dogara sanda, ranar a bayansa ya bar ta.

Hashimi bakanike, ɗan ƙanwata, ya zo ya duba. Ammi yake kiransa, wato baffa. Ya ce, "Ammi Jamu'i, tiyon ne kawai ka sarƙe. Rabin awa na gyara maka."

"Kada ka taɓa mini."

"Ammi, in ka ce dama yana yin hagu fa."

"To sai me? Shekara arba'in ina zaune da Hadda, in na ce dama ta yi hagu, ka taɓa ganin na kawo ta garejinka? Koyonta na yi."

Ya kuwa koya. Gaskiya ɗaya ce, ko a kan maƙwabci sai a faɗe ta: cikin wata guda mutumin nan ya juya kwanyarsa gaba ɗaya. Ya tura hagu in yana son dama, ya ja in yana son turawa, har ya kai yana ɗaukar butar shayi da haƙorin cokali ya dire maka a gabanka ko ɗigo bai zuba ba. Matsalar da ba wanda ya hango ita ce tsawon hannun taku shida ne, ramin kuwa gaba shida. Duk yashin da ya ɗebo nan kusa yake juye shi, a cikin ramin dai. Jakin da aka ce zai huta sai aikinsa ya ninka uku. Ya gwada haƙa wa tarakta hanyar fita, duk cokali ɗaya da ya cire daga gangare biyu su gangaro su maye gurbinsa. Ya bar zancen fita, ya ce ai ba sauri take ba.

Ranar wata Alhamis ya gama haƙa kewayen Sadaki, rami mai kyau, bai yanki saiwa ko ɗaya da ba dole ba. Ya kwantar da cokali a ƙasa ya kashe inji. Aka sa Asabar don saukarwa. Rarake ƙarƙashin saiwa aikin fartanya ne, ni aka ba, domin duk cikinmu ni kaɗai ke iya durƙusawa in tashi ba a kama ni ba.

Nan fa na shiga tunani. Ni zan shiga rami, a saman kaina kuma akwai hannun ƙarfe da ba ya jin dama ba ya jin hagu. Ranar Juma'a, da Jamu'i ya tafi masallaci da kasuwa a birni, na jawo Hashimi muka sauka. Bai ma cika rabin awar ba ya mayar da kowane tiyo gurbinsa. Na ce masa in ya faɗa wa wani sai na gaya wa uwarsa yana shan taba. Niyyata in sanar da Jamu'i da safe. Da safen ya tare ni da zancen wai jakina ya juye yashi a ɓangarensa, muka yi ta sa-in-sa, na ce a raina bari ya huce tukuna.

Aka ɗaura igiyoyi huɗu, kowacce aka naɗa ta a jikin wata bishiya, tsoho ɗaya a kan kowacce. Hadda ta zauna a gangare ta rufa da mayafi. Na shiga rami na yi ta rarake yashi har fartanya ta fara fitowa da danshi. Sai na ji inji ya tashi a saman kaina. Jamu'i ya hau kujera yana jira, da bishiya ta zauna ya mayar da yashi.

A lokacin ne na tuna ban gaya masa ba. Hannun ya gyaru, amma mai hannun bai sani ba. Wata guda ya yi yana koyon karkatacciyar hanya, ni kuma na miƙe ta a ɓoye. Yanzu in ya so dama zai tura hagu, abin kuma ya tafi hagun da gaske. Garin neman gira na zo zan rasa ido, kuma ba idona kaɗai ba.

Na ɗago zan yi ihu ke nan, wayar tsohon da ke riƙe da igiyar yamma ta yi ƙara a aljihunsa. Bawan Allah ya saki igiya ya ɗauka. "Alo? Wa ke nan? Ɗaga murya, muna aiki!"

Sadaki ta yi wata ƙara daga saiwa, ta fara kwantowa ta hannun daman Jamu'i. Sauran ukun suka ja, igiya ta ja su. Na buɗe baki, yashi ya cika shi. Na ga Hadda ta miƙe tsaye ta ɗora hannu a ka, Jamu'i ma ya gan ta. Tsoro ya share masa karatun wata guda tas. Ya manta hagu ce dama, ya manta ja ne turawa, ya yi abin da kowane ɗan Adam zai yi: ya ja don ya ɗaga, ya tura dama don ya je dama. Hannun ya tashi, ya yi dama, ya tari bishiyar a lanƙwasar da ke tsakanin sangali da cokali. Tarakta ta girgiza, ƙafarta ɗaya ta nutse, amma ta riƙe. Na yi rarrafe na fito. Sadaki ta sulale a hankali a jikin ƙarfen, ta sauka kamu bakwai, ta zauna daram a kan jiƙaƙƙen yashi.

Mai waya kuwa yana can yana cewa, "A'a, lamba kika ɓata, 'yata."

Da shebur muka mayar da yashin, domin ba wanda ya yarda hannun ya motsa. Muka tokare shi da kututturan dabino, muka ɗaure bishiyar a jikinsa, Jamu'i ya kashe inji ya sa makulli a aljihu. Ya ce sai sabuwar saiwa ta kama, shekara biyu ko uku. Bai sake tayar da shi ba.

Daga nan fa muka shiga uku a wurin shan shayi. Kullum labarin ɗaya ne.

"Jama'a, ƙarfe ma ya san tausayi. Wata guda yana yi mini gardama. Ranar da ya ga matar nan ta ɗora hannu a ka, na ce dama, ya ce to. Lazhar, ba a gabanka aka yi ba?"

"A ƙarƙashinsa ma nake."

"To ku ji."

Hashimi ya dube ni, in harare shi. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Rabin raina yana so a san ni na gyara, ɗaya rabin yana tuna cewa da Jamu'i ya cika jarumi ranar, bai firgita ba, da ni na kashe Sadaki kuma na bi ta. Sai na haɗiye duka biyun da shayi.

Jamu'i ya ga sabon ganye kore ya fito a ƙoƙon kan Sadaki, ya kira ni na gani, ya yi ta dariya kamar an yi masa haihuwa. Amma bai ga 'ya'yanta ba. A sanyin shekara ta biyu ya kwanta kwana huɗu, ya tafi. Na yi kuka a maƙabarta har aka riƙe ni, ni da ban taɓa gaya masa magana mai daɗi ba.

Kaka ta uku Sadaki ta yi nono bakwai. A satin ne babban ɗansu Abdulbaƙi ya zo daga kudu da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, wanda ya ce yana da motar da za ta fizgo taraktar daga sama da sarƙa. Uwar ta ƙeƙasa ƙasa. Yaron ya same ni ya ce, "Ammi Lazhar, kai take jin nauyi. Ka yi mata magana, tsatsa kawai abin yake yi."

Na sauka. Tayoyin sun nutse rabi a yashi, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin sitiyari. Hadda tana zaune a kan kujerar nan mai kallon baya, wadda tun ranar take fuskantar Sadaki, da kwanon dabino a cinyarta. Kafin in buɗe baki ta miƙo mini guda uku.

"Ci, Si Lazhar. Ka riƙe ƙwallayen."

Na karɓa, ina mamakin wannan kyauta.

"Ranar Juma'ar nan ina bayan bukka ina tsintar itace," in ji ta. "Na gan ku kai da ɗan ƙanwarka."

"Hajja, kin sani ba ki faɗa masa ba?"

"Kai ka faɗa? Na ɗauka kai za ka gaya masa, kai ma ka ɗauka gobe ma rana ce. Daga baya kuma na ga labarinsa ya fi naka daɗi."

Na ci dabinon, ban taɓa cin mai zaƙinsa ba. Na ce, "Hajja, bishiyar nan ta tsaya da ƙafarta. Ko an cire ƙarfen ba za ta faɗi ba."

"Na sani. Tun bara na sani." Ta dubi hannun, fentinsa duk ya kwaɓe, yana nan rungume da bishiyar. "Shekara arba'in da 'yan kai mutumin nan bai taɓa kama hannuna a gaban mutane ba, kunya. Sau ɗaya ya manta da kunyar, gaban kowa. Ku bar shi ya riƙe."

Na hau gangaren ina haki, na ce wa Abdulbaƙi ya sallami mai sarƙa. Yanzu ni nake kwashe yashin ramukan biyu, ni da jakina, kuma duk a ɓangarena nake juyewa.